Likita Bai San Ni Koci Ba Ce

'Yan uwa, yau sai na fasa muku abin da ke cikina, ko da za ku yi min dariya. Wata huɗu cur ina soyayya da bawan Allah bai san abin da nake yi daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma ba. Ba wai ƙarya na shirga masa kai tsaye ba. Duk ranar da ya kira ya ji ina haki, sai in ce yanzu na fito daga wurin yara, kuma wallahi daga wurin yaran nake. Abin da ban faɗa masa ba shi ne yaran nan su goma sha biyu ne, ƙwallon kwando suke bugawa, ni ce kocinsu, kuma idan na buɗe murya a fili har masu shagunan tsallaken titi sai sun san wadda ta yi kuskure.

Da safe malamar lissafi ce ni a makarantar 'yan mata. Shekara uku da suka wuce na lura da wani fili a bayan ajujuwa, siminti duk ya tsattsage, kwando ɗaya ya karkace, ɗayan ko raga babu. Ni kuma tun ina sakandare ƙwallon nan ta shiga jinina, ciwon gwiwa ne kawai ya raba mu. Na roƙi shugabar makaranta ta ba ni filin, ta ce in ɗauka mana, ai ko kaji sun raina shi. Da yara huɗu na fara, da ƙwallo ɗaya da kullum sai an yi mata iska. Bana sai ga mu mun kai wasan ƙarshe na gasar 'yan ƙasa da shekara sha huɗu.

Umma ba ta taɓa taka filin nan ba, amma ta tsane shi kamar ya taɓa yi mata rashin kunya. Kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Akwai wani ma'aikacin banki da ya taɓa nemana, ya ce zai ba ni mamaki, ya zo ɗaukata daga makaranta bai sanar da ni ba. Ya tarar da ni da usur a baki, ina gudu da baya, ina yi wa wata yarinya ihun ta ɗaga hannu. Ko motar bai kashe ba. Manemi na biyu a bakin ƙanwarsa ya ji labari, ya turo min da dogon saƙo kan natsuwar 'ya mace, daga nan shiru. Shi ya sa ranar da Gwaggo, yayar Abba, ta zo da zancen Likita, ita da Umma suka zaunar da ni a ɗaki aka turo ƙofa. Suka ce an riga an faɗa masa ina yi wa yara lesin da yamma, a nan maganar za ta tsaya. Gwaggo ta ce tsayina kaɗai ma ya ishe su aiki, kada in ƙara musu da ƙwallo.

Likita na dabbobi ne, shi ya sa ƙanwata Auta take kiran sa likitan awaki idan ba ya kusa. Dogo ne, ya ɗan fi ni, wannan kaɗai ya sa Gwaggo ta yi hamdala. Ba ya son hayaniya, yana magana kamar yana tsoron kada kalmomin su fashe. Saƙonninsa ma daban suke. Wani saurayin furanni zai turo miki, shi kuwa hoton ɗan maraƙin da aka haifa a hannunsa, ko kyanwa da bandeji a ƙafa, ya rubuta a ƙasa: "Ta ci abinci yau. Ke fa?" Tun ina dariya har na dawo ina jiran hotunan.

Saboda shi na ƙirƙiro wata murya ta musamman. Da na ga kiransa sai in gyara zama, in sassauta maƙogwaro, in yi sallama a hankali kamar mai zazzaɓi. Auta takan tsaya a bakin ƙofa tana kwaikwayona, hannu a ƙirji, ido a lumshe, sai na jefe ta da matashin kai take tafiya. Ana dariya, amma ni abin yana ci na. Don akwai ranar da muna hira ya ce min shi duk abin da mutum zai yi masa yana iya haƙuri, ban da ya ji labarin na kusa da shi a bakin wani. Na ce gaskiya ne, da muryar nan tawa ta aro.

Ranar Juma'a da la'asar ina tsakar gida ina shanya jesin yara, wato rigunan wasansu, guda goma sha biyu, ja masu ratsin fari, Umma ta fito da waya a hannu fuskarta fal murna. Ta ce Gwaggo ce ta kira, yayar Likita za ta zo ganin gida ranar Lahadi. Ita ta rene shi tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma kowa ya san abin da ta ce shi ake yi a gidan. Umma ta fara lissafa aiki: a wanke labulen falo, a fito da sababbin kofuna, ni kuma in goge doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, in daina tafiya kamar ana kora ta. Sai idonta ya sauka a kan igiyar shanya.

"Gobe ne wasan naku?"

Na ce gobe ne.

"To ki buga na goben, tunda yara sun sa rai. Daga nan ki miƙa wa wani usur ɗin. Ba zan ga na uku ya wuce ba."

Abba yana zaune a kujerarsa ta roba yana karatun jarida. Na kalle shi ko zai ce wani abu, ya juya shafi. Shi haka yake, shekara uku bai taɓa tambayata ko kwandon nan zagaye ne ko mai kusurwa ba.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na yi tunanin yarana: Doguwa da ta zo min tana tafiya a sunkuye don kada a ga tsayinta, yanzu ita ce ake tsoro a ƙarƙashin kwando. Kyaftin, wadda babanta ya hana ta sau biyu, sai da na je shagonsa na yi masa alƙawarin idan ta faɗi lissafi ni da kaina zan kore ta. Na yi tunanin Likita kuma, mutumin da nake so da gaske, yana son wata mai sanyin murya wadda babu ita a duniya. Ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Sau biyar ina rubutawa ina gogewa, a ƙarshe na tura masa wannan:

"Akwai abin da ban faɗa maka ba, kuma ba na so Yaya ta zo gidanmu ba ka sani ba. Lesin ɗin yamma ba lesin ba ne. Ƙwallon kwando nake koya wa yara mata, shekara uku ke nan. Gobe ƙarfe huɗu muna da wasan ƙarshe a babban zauren wasanni. Idan ka zo za ka gan ni yadda nake. Idan ba ka zo ba zan gane."

Nan take ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na riƙe wayar da hannu biyu kamar za ta gudu. Bayan kusan minti goma amsa ta shigo, kalma ɗaya tal: "To."

'Yan uwa, ku da kuka san soyayya, mene ne "To"? Na nuna wa Auta, ta juya wayar sama da ƙasa ta ce wannan "To" ɗin ko malamin duba ba zai fassara shi ba. Ranar ko hoton kyanwa ban samu ba.

Asabar na fita da baƙar abaya a kan wandon motsa jiki da riga mai dogon hannu, na ɗaura ƙaramin hijabin wasa a ciki, na yafa mayafi a sama saboda idon Umma. Kambas ɗina a jaka suke, sai da na shiga motar makaranta na sa su. Yara tun a hanya sun fara waƙar da suka haɗa da kansu, suna buga kujeru, direba yana taya su da ham. Amma da muka shiga zauren sai kowa ya yi tsit. Mu da muka saba da fasasshen siminti da rana a ka, ga daɓen katako yana sheƙi, ga fitilu, ga allon maki mai wuta. Takalmi ma kuka yake yi a kai. 'Yan ɗaya makarantar sun riga mu zuwa, takalmansu iri ɗaya, jakunkunansu iri ɗaya, kocinsu wani ƙaton mutum da ƙaramin allo a hannu yana zane-zane. Sau uku a jere suna ɗaukar kofin nan.

Na tara yarana na ce su ɗaga kai su kalli kwandon. Na tambaye su ko ya fi namu tsayi, suka ce a'a. Na ce to katakon ba ya cin maki, fitilar ma haka. Muka haɗa hannuwa kamar yadda muke yi kullum, ƙarama ita ce a sama, muka yi addu'a, muka watse da ihu ɗaya.

Wanda bai taɓa zuwa wasan yara ba, ba zai gane ba. 'Yan makarantarmu sun cika gefe guda da bokitai da gwangwanaye, kiɗa ba tsayawa. Iyaye mata da ba su san ƙa'ida ko ɗaya ba su ne suka fi kowa koya wa alƙalin wasa aikinsa. Baban Kyaftin, wanda da bakinsa ya ce ƙwallo shirme ce, ya rufe shago ya zo yana nuna wa na kusa da shi 'yarsa. Ni kuwa ina ta satar kallon benayen 'yan kallo, layi bayan layi. Ban ga Likita ba. Na ce a raina to, ga fassarar "To" ɗin ta fito. Alƙali ya busa usur, ya cilla ƙwallo sama.

Rabin farko mun sha wuya. Yarana suna zamewa, suna jifa tun daga nesa saboda tsoro, su kuwa waɗancan suna ta zura mana a natse. Aka tafi hutu suna da ashirin da biyu, muna da sha huɗu. Ban san yaushe na cire mayafi ba, ban san yaushe abayar ta koma kan benci ba. A hutun ban yi musu faɗa ba. Na ce na lura 'yan can ba sa son a matse su, da an tsaya musu a jiki sai su rikice, don haka kowa ta riƙe tata tun daga can bakin layinsu, kada a bar su su numfasa. Kyaftin ta ce Koci za mu gaji. Na ce gobe Lahadi ce, kowa ta yi barci har azahar.

Aka dawo, abin ya fara ci. Suka fara yar da ƙwallo, kocinsu ya fara buga allonsa a cinya. Doguwa ta zura uku a jere, bokitai suka haukace. Ni kuma na dawo ni ɗin da kuka sani, ina bin layi sama da ƙasa, ina tsalle, ina kiran kowace da sunan da na raɗa mata, har alƙali ya zo ya nuna min layin da ƙafa ya ce idan na ƙara tsallakewa zai hukunta ni. Saura minti huɗu a tashi muka kamo su, talatin da biyu da talatin da biyu. A daidai nan Doguwa ta tashi za ta tare wata, sai ta bugi hannun yarinyar. Usur. Laifinta na biyar ke nan, kuma a wasan nan mai laifi biyar fita take yi, babu dawowa. Ta taho benci tana kuka.

Na juya na kalli waɗanda suka rage. Biyu sun riga sun gaji liƙis, ɗaya ta murɗe ƙafa tun zangon farko. Idona ya tsaya a kan 'Yar Firit. Shekararta sha biyu, ita ce mafi ƙanƙanta, jesinta sai da aka kama shi da allura a kafaɗa. Duk gasar nan ba ta buga minti biyar ba. Amma ita ce take riga kowa zuwa atisaye, kuma babu wadda ta kai ta iya sace ƙwallo daga hannun mutum, don kafin ka gan ta ta wuce ta ƙarƙashin hammatarka. Na ce ta tashi. Ta waiga bayanta tana neman da wa nake.

Shigarta ke da wuya aka ba ta ƙwallo, ta zame mata ta fita waje. Na ce ba komai. Aka sake ba ta, ta jefa, ko allon ba ta taɓa ba. Waɗancan suka tafi suka ci. Na ga kafaɗunta sun sauka. Sai na ji wata murya daga bayana, a layin farko na 'yan kallo, ba ihu take yi ba amma irin muryar nan ce da ta saba a yi shiru idan ta fito. Tana cewa wai ina hankalin malamar nan, a cire 'yar mitsitsiyar nan mana tun ba ta kashe su ba, ai wannan wurin ba na jarirai ba ne. Kuma 'Yar Firit ta ji, don a gabanmu take tsaye.

Na juya. Wata hamshaƙiyar mata ce cikin shuɗin leshi, mayafi mai duwatsu, tabarau mai ruwan zinare, jaka a kan cinya. Ban tsaya tunani ba, jinina a sama yake.

"Hajiya, ga usur, ga benci. Idan kin fi ni sanin yaran nan ki sauko. Idan ba haka ba ki bar min yarinya ta yi wasanta."

Na kusa da ita suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ɗan sauke tabarau ta kalle ni ta samansa. Ni ma ban ƙara bi ta kanta ba. Na nemi a tsayar da wasa minti ɗaya, na durƙusa a gaban 'Yar Firit na riƙe fuskarta. Na ce ba don ta ci maki na sa ta ba, don ta hana mai lamba bakwai sakat na sa ta, ta manne mata kamar ƙaiƙayi, sauran ta bar wa Allah da Kyaftin. Ta share hanci da bayan hannu ta ce to, Koci.

Abin da ya biyo baya har yanzu idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mai lamba bakwai ita ce ke raba musu ƙwallo, kuma daga wannan lokacin ba ta sake samun sukuni ba. Duk inda ta juya 'Yar Firit tana nan. Sau biyu ta ƙwace mata, Kyaftin ta mayar da ɗaya maki. Saura daƙiƙa tara, suna da talatin da shida muna da talatin da biyar, ƙwallo a hannunsu, abin da ya rage musu kawai su riƙe har a tashi. Mai lamba bakwai ta buga ƙwallon a ƙasa sau ɗaya, sau biyu, a na uku ƙwallon ba ta dawo hannunta ba. 'Yar Firit ta fizge ta arce, jesi yana kaɗawa kamar tuta, aka biyo ta aka ture ta ta faɗi. Usur. Jifa biyu daga layi.

Zauren ya yi tsit, har bokitai. Ta tsaya a layi, ta goge hannu a wando, ta jefa ta farko. Ta shiga. Talatin da shida da talatin da shida. Ta jefa ta biyu, ƙwallon ta zagaya bakin kwando kamar tana shawara, ta faɗo waje. Dogaye duk suka tashi sama suna rububi, ta kufce musu ta faɗo ƙasa tsakanin ƙafafu, kuma kun san wa ke zaune a wannan unguwar. 'Yar Firit ta nutsa ta ɗauko, tana durƙushe ta tura wa Kyaftin, Kyaftin ta ɗaga ta sake ta. Ƙwallon tana cikin raga ƙarar tashi ta kaɗa.

Ban san me na yi ba. Auta ta nuna min bidiyon daga baya, wai ni ce nake gudu a tsakiyar fili da 'Yar Firit a kafaɗa, Doguwa tana rungume da mu tana kuka tana dariya. Baban Kyaftin ya jefa hularsa sama bai sake ganin ta ba. Aka ba mu kofi, yara suka yi ta karɓa-karɓa suna sumbatarsa. Kocin can ya zo ya ce min wannan 'yar ƙaramar a ina na samo ta, na ce a aji ɗaya, layin gaba.

Ina tattara robobin ruwa, gumi ya jiƙa min hijabi, murya ta dishe kamar ta tsohon zakara, na ji an yi sallama a bayana a hankali. Na san sallamar. Na juya, ga Likita cikin farar riga, hannunsa riƙe da katan ɗin lemo mai sanyi, yana ta ƙoƙarin danne dariya. Ya ce tun kafin a fara yana nan, can sama kusa da ƙofa ya tsaya don kada ya raba min hankali. Na buɗe baki zan ɗauko muryar waya, abin da ya fito sai wani kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"Bar ta kawai," in ji shi. "Waccan ta cikin fili nake so. Wata huɗu ina tunanin ko ba ki da lafiya ne."

Na rufe fuska da tawul. Ya ce jiya da ya ga saƙona ya rubuta abubuwa da yawa ya goge, don ransa ya ɗan sosu da na ɓoye masa, kuma bai so ya yi magana cikin fushi ba. Ya ga gara ya zo ya gani da idonsa. Ya ce kuma ya gani, kuma shi bai taɓa yin ihu a bainar jama'a ba sai yau. Zuciyata ta yi fari tas, na ji kamar in sake zagaya filin. Sai ya ƙara da cewa ai ba shi kaɗai ya zo ba. Da ya faɗa wa Yaya inda za shi, ta ce ita ma sai ta zo, kuma ita ba ta iya hawa bene, shi ya sa ya samo mata kujera a ƙasa. Ya juya yana ɗaga hannu.

Shuɗin leshi. Mayafi mai duwatsu. Tabarau.

Wallahi da katakon nan zai tsage da na shige. Ta taho a hankali, jaka a hannu, ta tsaya a gabana. Na zube har ƙasa na gaishe ta da disasshiyar muryata, usur yana lilo a wuyana. Ta kalle ni tun daga kambas har hijabi, ba ta yi sauri ba.

"Ke ce malamar."

"Ni ce, Yaya."

"Yarinyar nan shekararta nawa?"

"Sha biyu."

Ta ce "Hm," ta gyara mayafi, ta ce wa Likita ya same ta a mota. Shi ke nan. Ba murmushi, ba harara. Likita ya bi ta da kallo ya dawo da idonsa kaina, don shi daga sama bai ji abin da ya faru ba. Da na faɗa masa, sai ya ajiye katan ɗin lemon a ƙasa ya dafe ƙugu. Na tambaye shi me "Hm" ɗinta yake nufi. Ya ce gaskiya bai sani ba, don tun da ya yi wayo bai taɓa ganin wanda ya mayar wa Yaya magana ba, har mijinta. Na ce ku gidanku dai ba a iya cikakkiyar jimla. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

A motar makaranta yara suna ta waƙa, ana sauke su ɗaya bayan ɗaya, kowace unguwa sai an ɗaga kofi ta taga. Shugabar makaranta ta ce in tafi da shi gida zuwa Litinin. Ni kuwa rabin zuciyata tana rawa, rabi tana tsara yadda zan faɗa wa Umma kafin Lahadi. Na ce zan yi wanka, in ci abinci, in jira ta idar da sallar magariba ranta ya yi sanyi, sannan in fara da labarin nasara in gangaro a hankali. Muna shiga layinmu waya ta yi ƙara. Likita ne.

"Yaya ta ce ba za ta jira gobe ba. Ta sauke ni a hanya. Kina ina?"

Na ɗaga kai. Baƙar mota tana tsaye a ƙofar gidanmu.

Na sauko da kofi a hannu ɗaya, abaya a dunƙule a ɗayan, don ko mayar da ita ban tuna na yi ba. Auta, wadda ta riga ni dawowa daga kallon wasan, ta tare ni a bakin ƙofa ido waje. Cikin raɗa ta ce matar ta fi minti ashirin a falo, labule ma ba a mayar ba yana kan igiya, Umma ta rasa inda za ta sa kanta, an kira Gwaggo tana hanya. Ta ce ta kai ruwa ta ji matar tana cewa yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, daga nan Umma ta kore ta. Na ce da wace irin murya ta faɗa, ta ce ita dai ba ta gane ba.

Na nufi bayan gida da niyyar in ɓoye kofin a bayan tankin ruwa, in zura abaya, in wanke fuska. Sai na ji gyaran murya. Abba yana zaune a tsakar gida, jarida a naɗe a cinyarsa, yana kallon abin da ke hannuna. Na tsaya cak.

"Nawa da nawa?" ya ce.

"Talatin da takwas da talatin da shida, Abba."

"Mu ne da takwas ɗin?"

Na gyaɗa kai. Ya miƙo hannu na ba shi kofin. Ya juya shi, ya karanta rubutun jikinsa a hankali, ya goge wani ɗan tabo da hannun rigarsa, sannan ya mayar min. Na ce bari in ajiye shi in canza kaya. Ya girgiza kai ya nuna min ƙofar falo da haɓa.

"A haka ta gan ki. Shiga da abinki."

Daga ciki na ji muryar Umma tana tambayar Auta ko ni ce na dawo. Na cire kambas ɗina na jera su kusa da takalmin baƙuwa, na gyara riƙon kofin, na yi sallama da muryata ta gaskiya.